Ko ka sani? Jirgin wasa ya taɓa ƙetare Tekun Atlantika

Ko ka san ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, ya taɓa ƙetare Tekun Atlantika bai sauka ko sau ɗaya ba? Ya tashi daga Cape Spear a tsibirin Newfoundland na Kanada ranar 9 ga Agusta, 2003, ya dira a gaɓar Ayalan kusa da garin Clifden ranar 11. Tafiyar kilomita 3,000 da 'yan kai ce, cikin awa 38 da minti 52. Wanda ya ƙera shi, Maynard Hill, Ba'amurke ne mai shekara 77 a lokacin, idonsa ya kusa tafiya, kunnensa ma ya yi nauyi. Sunan jirgin TAM 5, don guda huɗu da ya tura kafinsa duk teku ta cinye su.

Ni injin ne ya fi burge ni. Ƙa'idar kafa tarihi da irin wannan jirgi ta ce jirgi da mansa kada su wuce kilo 5, inji kuma kada ya haura cc 10, wato cikinsa bai fi na sirinjin allura ba. Yawancin masu wannan wasa inji mai ƙarfi da kururuwa suke nema. Hill kuwa ya ɗauko injin kamfanin OS, ya gyara shi ya rage masa zafin gudu, har ya koma tsotsar mai kaɗan-kaɗan. Man ma ba wanda aka saba ba ne: man fitilar Coleman ya zuba masa, ya haɗa da ɗan man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Wannan shi ne sanin aiki! Ya fara duba tafiyar da ke gabansa, sannan ya zaɓi inji.

Sai maganar daidaita nauyi. Mai ƙera irin wannan jirgi yakan sa yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajen kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗin fiffike daga gaba, ya ɗaga shi sama. In hanci ya ɗan sunkuya, to madalla. In jela ce ta yi ƙasa, sai a matsar da batir gaba ko a liƙa 'yar darma a hanci, domin jirgi mai nauyin baya ba ya jin magana, yana tashi zai yi tsaye ya rikito. To yanzu ka duba TAM 5: kusan rabin nauyinsa mai ne, kuma man raguwa yake yi dare da rana. In tanki ya yi nesa da wurin da yatsun nan ke tsayawa, daidaiton zai yi ta gocewa a tsakiyar teku, inda babu mai gyarawa sai 'yar na'urar da ke tuƙa shi da GPS.

Af, kusa da Clifden ɗin nan ne Alcock da Brown suka sauka a 1919, mutanen farko da suka ƙetare tekun a jirgin sama ba tsayawa. Da TAM 5 ya iso, wani gwani mai suna Dave Brown ya karɓe shi da rimot ya saukar. Aka duba tanki, man da ya saura bai kai giram 60 ba.