Dalilin Soya Kayan Yaji Cikin Mai a Girkin Indiya

Mai sha'awar fara girkin Indiya a gida yakan sayo garin kori, ya barbaɗa cikin romo, daga bisani ya yi ta mamakin warin ɗanyen yaji da miyar ta fito da shi. Shi wannan gari haɗi ne da Turawan Ingila suka yayata tun ƙarni na 18. A gidajen Indiya kuwa kowace miya da irin haɗinta, kuma abin da ya kamata ɗan koyo ya fara laƙanta shi ne abin da suke kira tadka, wato soya kayan yaji cikin zazzafan mai na 'yan daƙiƙoƙi.

Hikimar tana cikin halittar tsirran. Yawancin sinadaran ƙamshi da ke cikin kanumfari da kirfa da citta dangin mai ne, ba sa narkewa sosai a ruwa. Haka ma kurkumin, sinadarin da ke bai wa gangamau launin ɗorawa. Zafi yakan buɗe ƙwayar, mai ya kwashe ƙamshin ya ratsa da shi cikin abinci duka.

Sai dai tsakanin ƙamshi da ƙauri tazarar kaɗan ce. Ana fara zuba ƙwayoyi masu tauri, sannan albasa da tafarnuwa da citta, gari kuwa shi ne na ƙarshe domin shi ya fi saurin ƙonewa. Hulba ta fi kowa rashin haƙuri: da zarar ta yi duhu, ɗacinta ya gama da tukunyar, ba kuma gyara sai a sake. Saboda haka Indiyawa suka fi son soyayyen man shanu, wanda suke kira gi. Da yake an raba shi da ruwa da gurbin madara, yakan kai wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas kafin ya yi hayaƙi, alhali ɗanyen man shanu tun wajen digiri 175 yake fara ƙonewa.

Wake ya isa gwajin farko, a madadin adas ɗin da suke miyar dal da shi. A dafa shi luguf da gangamau da gishiri, a juye tadka a kai yana ƙara, a rufe tukunya nan take. Wanda ya saba jefa kanwa a wake kada ya firgita in ya ga miyar ta koma ja, domin kurkumin yakan sauya launi idan ya haɗu da sinadari irin na kanwa.