Nijeriya Da Kamaru A Fagen Ƙwallo: Yadda Gabar Take In An Hango Ta Daga Yola

In mutum ya tsaya a Mbamba, a gefen garin Yola, ya fuskanci gabas, to, tsakaninsa da birnin Garwa na Jamhuriyar Kamaru bai kai mil 100 ba a miƙe, alhali kuwa Ikko, inda aka daɗe ana buga manyan wasannin ƙasar nan, ta fi mil 600. Kogin Binuwai da ya ratsa ta Jimeta, ta Garwa ya biyo kafin ya iso. Fillanci da Hausa ake ciniki da su a kasuwannin garuruwan biyu, ga auratayya, ga zumunci tun na kaka da kakanni. Saboda haka duk ranar da aka ce Nijeriya za ta kara da Kamaru a wasan ƙwallon ƙafa, abin da mutumin Ikko ko Inugu ya ɗauka karo ne da baƙi, a gidajen kallo na Yola da Jimeta ya fi kama da gardamar 'yan uwa, ta yadda mai yi maka dariya in an ci ku yana iya zama surukinka ne.

Kafin a shiga zancen wasannin, ya kamata mai karatu ya tuna yadda aka yi iyakar nan ta samu. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Yola a shekarar 1841, ƙasar da ake kira Fombina kuwa ta miƙa har Garwa da Gaundare da Tibati da Banyo, dukansu suna bin Lamiɗon Adamawa. Da Turawa suka zo sai suka raba ta a kan takarda tun ba su ci ta da yaƙi ba. Ingilishi suka kama Yola a shekarar 1901, Jamusawa suka riƙe mafi yawan ƙasar, watau aka bar kai a wani gida, gangar jiki a wani. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka sake rabo tsakanin Ingila da Faransa. Sa'an nan ran 11 ga watan Fabrairu 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama, mutanen yankin arewa da ke hannun Ingila, su Mubi da Ganye da Gashaka da Dikwa, suka zaɓi Nijeriya da ƙuri'a 146,296, masu son Kamaru suka tashi da 97,659. Wannan shi ne asalin Lardin Sardauna. Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne, abin ya ɓata masa rai ƙwarai, har ya mai da ranar 1 ga watan Yuni, ranar da yankin ya shiga Nijeriya, ta zama ranar makoki a ƙasarsa, ya kuma kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, ko da yake bai sami biyan bukata ba. Duk da haka, da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ahijon nan ne ya tsaya bayan Gwamnatin Tarayya bai yi ƙasa a gwiwa ba.

To, a kan wannan tsohon miki ne ƙwallo ya zo ya zauna. Sau uku ƙasashen biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na cin Kofin Ƙasashen Afirka, sau ukun kuma Kamaru ce ta tafi da kofi. Na farko an yi shi a Abijan ran 18 ga watan Maris 1984. Muda Lawal ya fara jefa wa Nijeriya ƙwallo a raga tun wasa bai yi nisa ba, amma Kamaru ta farke, ta ƙara biyu, aka tashi uku da ɗaya. Wannan babu wanda ya yi gardama a kansa, an fi mu ne a ranar. Na biyun, wanda aka yi a Kasabalanka ta ƙasar Maroko ran 27 ga watan Maris 1988, shi ne mafarin ƙorafi. Henry Nwosu ya ci da ka, alƙalin wasa Idrissa Sarr, mutumin Muritaniya, ya ce an yi satar gida, ya soke. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci aka ba Kamaru bugun daga kai sai mai tsaron gida, Emmanuel Kunde ya ci, a haka aka tashi.

Na ukun kuwa har gida aka biyo mu. Ran 13 ga watan Fabrairu 2000, a Babban Filin Wasa na Surulere a Ikko, Samuel Eto'o da Patrick Mboma suka ci biyu a jere, filin ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa. Raphael Chukwu ya rage ɗaya, Jay-Jay Okocha ya farke ɗayan da wani irin bugu daga nesa wanda har yau ake labarinsa. Da aka je bugun fenariti, mai tsaron gidan Kamaru ya tare na Nwankwo Kanu, sa'an nan Victor Ikpeba ya buga nasa ya daki ƙarfen sama ya faɗo ƙasa. Hoton talabijin ya nuna ƙwallon ta tsallake layi, amma alƙalin wasa Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba, shi kansa Ikpeba kuwa sai ya ɗora hannu a ka maimakon ya yi murna. Rigobert Song ya buga na ƙarshe, Kamaru ta ɗauki kofin ta riƙe shi dindindin, domin cin nan shi ne na uku. Kafin wannan ma, a watan Agusta 1989, makonni biyu kacal bayan Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya rasu a filin Ikko ana cikin wasa da Angola, Kamaru ta ci Nijeriya ɗaya da nema a Yawunde, ta hana ta zuwa gasar Kofin Duniya ta 1990.

Duk inda aka zauna hirar waɗannan wasanni, sunan mutum guda ba ya ɓacewa, watau Isa Hayatu. Ɗan Lamiɗon Garwa ne, Bafillace, wansa Sadu Hayatu ya riƙe Firayim Ministan Kamaru daga 1991 zuwa 1992. An zaɓe shi shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka a Maroko a watan Maris 1988, 'yan kwanaki kafin a soke ƙwallon Nwosu, ya kuma zauna a kan kujerar har 2017. Wannan dacewar ita ta sa 'yan kallo da yawa a Nijeriya suka haƙiƙance cewa da hannunsa a ciki, duka a 1988 da 2000. A gaskiya dai zargi ne kawai, ba wanda ya taɓa kawo hujja, kuma alƙalan wasa sun yi kurakuran da suka fi waɗannan a wuraren da Kamaru ba ta ciki. Abin lura shi ne, mutumin da jaridun Ikko suka ɗauka tamkar shi ne fuskar abokan gaba, da iyakar Turawa ta gusa gabas kaɗan, da ɗan Jihar Adamawa za a kira shi. Ya rasu a Faris a watan Agusta 2024.

Su kuwa masu mulki, a ɓangarorin biyu, ba su taɓa ɗaukar ƙwallo wasan yara ba. Bayan Kamaru ta kasa cin kofin da ta karɓi baƙuncinsa a 1972, gwamnatin Ahijo ce ta sake wa ƙungiyar fasali aka raɗa mata sunan Zakunan da ba su tanƙwaruwa. A 1990 Shugaba Paul Biya da kansa ya sa baki aka komo da Roger Milla, yana da shekara 38, ya je Italiya ya ci ƙwallo huɗu, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe. Wannan nasara ta zo wa Biya a kan gaɓa, domin a shekarar ce jama'a suka matsa masa lamba a kan kafa jam'iyyu da yawa, da aka zo zaɓen 1992 kuma shi ma sai ya fito da laƙabin zaki. A nan gida, Shugaba Shehu Shagari ya raba wa 'yan wasan da suka ci kofin 1980 gidaje da motoci. Janar Sani Abacha kuwa juya abin ya yi. Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ran 10 ga watan Nuwamba 1995, Shugaba Nelson Mandela ya fito ya soki gwamnatin soja, ya nemi a ƙaƙaba mata takunkumi. Abacha sai ya hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofin da suka ci a 1994, wai don gudun abin da zai sami 'yan wasa. Hukumar da Hayatu ke shugabanta ta hukunta Nijeriya da hana ta shiga gasar 1998. Ta haka ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a tarihin ƙasar nan, wadda ta ciyo zinariya a wasannin Olamfik na 1996, ta yi asarar gasa biyu saboda fushin mutum ɗaya.

Sai kuma rikicin Bakassi. Tun a watan Mayu 1981 aka kashe sojojin Nijeriya biyar a kan iyakar ruwa, har ana tsoron yaƙi. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya, ran 10 ga watan Oktoba 2002 kotun ta ba ta yankin, aka kammala miƙa shi ran 14 ga watan Agusta 2008. Wasan Ikko na 2000 an yi shi ne shari'ar na gaban kotu, wanda aka yi a Tunisiya a 2004 kuwa bayan an yanke hukunci ne, shi ya sa da Okocha da John Utaka suka fitar da Kamaru da ci biyu da ɗaya, mutane da yawa suka ɗauke shi tamkar ramuwa. Amma hukuncin nan bai tsaya a Bakassi ba, ya shafi iyakar tun daga Tafkin Chadi har teku, kuma manoma da makiyayan ƙauyukan kan iyaka na Borno da Adamawa su ne suka ga ana kafa turaku a gonakinsu, ba 'yan kallon Surulere ba. Tun daga lokacin dai Nijeriya ce ke da rinjaye a manyan wasanni: huɗu da nema a Uyo a 2017, uku da biyu a Iskandariya a 2019, sai biyu da nema a Abijan a watan Janairu 2024, inda Ademola Lookman ya ci duka biyun.

Abin da ya fi bayyana halin mutanen kan iyaka shi ne abin da ya faru a watan Janairu 2022, sa'ad da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar, rabo kuma ya kai Nijeriya Garwa. Jama'a suka yi ta ƙetarawa daga Yola da Jimeta da Mubi, ga kuma 'yan Nijeriya mazauna can, mutanen Garwa su ma suka mara musu baya, har filin Roumde Adjia ya zama kamar a gida ake wasa. Garwa dai gari ne na ƙwallo, can ne mazaunin ƙungiyar Coton Sport wadda ta yaye Vincent Aboubakar. Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema, ta ci Sudan uku da ɗaya, ta ci Gini Bisau biyu da nema. Ran 23 ga watan, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi magana da 'yan wasan ta hoton bidiyo don ya ƙarfafa musu gwiwa, da dare Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya, sai masu jin haushin gwamnati suka ɗora laifin a kan wayar. Ka ga a nan ma siyasar ba ta Kamaru ba ce, ta cikin gida ce.

Wata takwas bayan wannan zumunci, a watan Satumba 2022, hukumomin Kamaru suka saki ruwa daga madatsar Lagdo da ke kan Binuwai sama da Garwa, ya haɗu da ruwan damina, ya cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomin Adamawa da ke bakin kogi, kamar yadda ya yi a 2012. An gama gina Lagdo ne a 1982. Tun a wancan zamanin aka tsara cewa Nijeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin ƙasar Fufore, don ta riƙa tare ruwan in an sako shi. Shekaru arba'in suka wuce, ƙasashen biyu suka yi wasan ƙarshe har sau uku, ruwan 2022 ya iso Jimeta bai tarar da madatsar ba.