Filta: Mai Tace Sautin Waƙa

Duk wanda ya kwana a Bacirawa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, daren da ake biki a wata unguwa, ya san abin da ke iso masa ɗaki: dukan ganga ne kawai, dum-dum, ba a jin bakin mawaƙi. Katanga da nisa sun shanye siraran sautuka, masu kauri sun wuce. Aikin da filta ke yi a situdiyo ke nan, sai dai can da gangan ake yinsa.

Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda. Mai kauri a ƙasa, siriri a sama. Filta kamar rariya take: mai haɗa kiɗa ya zaɓi iyaka, abin da yake so ya wuce, saura ya tsaya. Wata na ƙasa take bari, wata na sama, wata kuma ta datse gefe biyu ta bar tsakiya. Irin wannan ce ke sa murya ta fito kamar ta tarho, wanda ke ɗaukar 300 zuwa 3,400 kawai.

Wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan, kuma idan waya ba ta da kyau sai a ji gurnaninta cikin makirfo. Akwai siririyar filta da ke cire wannan gurbin kaɗai. Haka ake yanke abin da ke ƙasa da 80 daga muryar mawaƙi, don ganga ta samu wurinta.

Filta tana ƙera sauti ma. Robert Moog na Amurka ya fito da injin kiɗa mai suna Minimoog a 1970: injin ya fara da ƙara mai kaushi, filta ta sassaƙe ta. A rufe ta, sauti ya yi laushi irin na sarewa. A buɗe, ya yi kaifi irin na algaita. Dabarar tana nan cikin fiyanon Yamaha da manhajar FL Studio da ake kiɗan finafinan Kano da su.

Inda ake ɓata lamarin shi ne wajen biki. Mai DJ ya murɗe maɓallin bes, wato na sautuka masu kauri, har ƙarshe (shi ma filta ne), baiti ya nutse, alhali mai sauraron waƙar Hausa kalmomi yake bi. Masu kayan sauti su fara rage bes kafin su ƙara murya.