Abin Wuya Mai Riƙe Da Labarin Tafiya

A zamanin da fatake ke bin hanyar Gwanja da jakuna, alhazai kuma suna ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, matafiyi ba ya komowa gida da hoto. Abin da yakan kwance daga cikin kayansa shi ne 'yan duwatsun ado, domin ba su da nauyi, ba su ruɓewa, in kuma guzuri ya ƙare a hanya ana iya sayad da su. Uwargida takan tara irin wannan tsaraba a adudu, ran da ta sami sukuni sai ta zauna ta shirya su a zare, ɗaya bayan ɗaya. In ta gama, ta san wanda ya zo daga Makka, ta san wanda aka sayo a Salaga, ta kuma san wanda ya kawo kowanne.

Cikinsu babu wanda ya kai jan aƙiƙ nisan tafiya. Mutane da yawa sukan ɗauka dutsen Makka ne, don a can alhazai ke sayensa, alhali kuwa galibinsa daga garin Kambat yake, a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya. A can sai an gasa dutsen cikin tukwanen ƙasa kafin jansa ya fito sosai, sa'an nan a fasa shi da 'yar gudumar ƙahon ɓauna, a goge, a huda shi da tsinke mai bakin lu'ulu'u. Daga nan jiragen ruwa su kai shi Jidda. A cikin ƙarni na 19 Jamusawan garin Idar-Oberstein suka shiga wannan ciniki da aƙiƙ na Brazil, masu gilashin Bohemiya kuma suka riƙa yin kwaikwayonsa da gilashi. Saboda haka zare guda yana iya ɗauke da Indiya da Jamus kafaɗa da kafaɗa.

Amma ba sai an haye teku ba. Wanda ya taɓa zuwa Bida, a Jihar Neja, da wuya ya komo ba tare da duwatsun Masaga ba. Masaga unguwa ce, kuma sunan masu sana'ar gilashi ne, waɗanda bisa ga tarihin bakinsu kakanninsu sun taso daga Masar, suka yi ta zango har suka zauna a ƙasar Nufe. Dā can da rairayi da kanwa suke dafa baƙin gilashinsu mai suna bikini, daga baya suka koma narka kwalabe. Mutum ɗaya na kan zugazugi, sauran sun kewaye murhun ƙasa, kowa da sandar ƙarfe yana naɗe narkakken gilashi a kanta yana juyawa, har ya zama dutse mai huda. Da yake aikin ido ne da hannu, ba a samun biyu da suka yi daidai, nan kuwa kyansu yake. Wani Bature, S. F. Nadel, ya bayyana wannan sana'a a littafinsa na 1942, a 2021 kuma hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu.

Masu zuwa Ghana kuwa sukan taho da na Kurobo daga kasuwar Koforidua. Su daka kwalba suke yi ta zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su tsaya karan ganyen rogo a tsakiya. In an gasa, karan ya ƙone ya bar huda.

Shirin kansa yana son haƙuri. Mai shiri takan jera duwatsun a kan faifai tukuna, babba a tsakiya, ƙanana suna bi ta kowane gefe. Zare sai an riɓanya shi an shafa masa kakin zuma, domin bakin hudar aƙiƙ da gilashi yana cin zare a hankali. Ƙwararru sukan yi ƙulli tsakanin dutse da dutse, don kada su riƙa gugar juna, kuma in zaren ya tsinke a gidan biki, ɗaya ne kaɗai zai faɗi.

Sai dai fa tun daga ƙarshen shekarun 1960 adudan suka soma yin fayau. Da sha'awar tsofaffin duwatsun Afirka ta kama a Amurka da Turai, sai dillalai, da yawansu Hausawa, suka shiga ƙauye-ƙauye suna saye, mata kuwa suka rabu da gadon iyayensu a kan kuɗi kaɗan. Dutsen yakan isa kanti a can, amma sunan wanda ya kawo shi da shekarar da ya yi tafiyar ba su bin sa. Na roba, masu araha da ƙyalli, su suka maye gurbi. Shi ya sa mai neman na ainihi a Kasuwar Kurmi ta Kano yakan ɗora dutse a kumatunsa ya ji ko da sanyi, sa'an nan ya ƙwanƙwasa shi a haƙori kafin ya taya.