Yadda hannun mai zane ke canzawa: daga Goku zuwa Kafanchan

Duk wanda ya buɗe littafin Dragon Ball na farko, sannan ya duba na ƙarshe, zai iya rantsewa ba mutum ɗaya ya zana su ba. Lokacin da aka fara labarin a 1984, Goku yaro ne ɗan dagwas, komai nasa a zagaye, kunci da ido, har motoci da duwatsun da ke bayansa. Kafin a kammala a 1995 fuskoki sun yi tsini, haɓa ta zama kamar an sassaƙe ta da wuƙa. Alhali hannu ɗaya ne, na Akira Toriyama ɗan ƙasar Japan, wanda ya rasu a 2024.

A kara, dillali yana hango saniya daga nesa zai ce maka wannan Bunaji ce, waccan Bokolo. Haka masu karanta labaran zane suke gane mai zane tun kafin su ga sunansa. Sai dai Bunaji tana mutuwa a Bunajinta, shi kuwa hannun mai zane kullum a kan hanya yake. Na ga ya dace mu yi maganar, don da yawa a cikinmu a Agege ko Fatakwal ko Sabon Ibadan suna da yaro a gida da ya cika bayan littafin lissafi da hoton Goku, ana ta yi masa faɗa cewa kwaikwayo kawai yake yi.

To ai kowa da kwaikwayo ya fara. Hergé, mutumin Beljiyam da ya ƙirƙiro Tintin a 1929, zanensa na farko a gaggauce yake, ba tsafta, kana ganin tasirin katun ɗin jaridun Amurka a ciki. A 1934 ya haɗu da wani ɗalibi ɗan Sin mai suna Zhang Chongren, wanda ya nuna masa yadda mutanensu ke jan burushi, ya kuma sa shi ya riƙa bincike kafin ya zana gari ko tufafi. Daga nan layinsa ya natsu. Daga baya ma shi da kansa ya koma ya sake zana wasu tsofaffin littattafansa.

Abu na biyu shi ne wahalar aiki, kuma mutane ba su cika kawo wannan a rai ba. Toriyama duk mako sai ya miƙa wa mujallar Shonen Jump shafi goma sha wani abu, shekara da shekaru. Da labarin ya koma na faɗa zalla, zagayayyen layi ba ya nuna saurin naushi, dole ya koma mai kaifi. Kun san gashin Goku da ke komawa ruwan gwal idan ya fusata? A littafin, wanda baƙi da fari ne, gashin fari ake barinsa, kuma Toriyama ya bayyana cewa hakan ya rage wa mataimakinsa aikin cike gashi da baƙar tawada. Abin da yara ke ɗauka ƙololuwar fasaha, ashe har da neman sauƙi a ciki.

Amma misalin da ya fi burge ni a gida yake, nan Kafanchan. Uche Okeke ba littafin katun ya yi ba, amma shi ma labari yake bayarwa da alƙalami da tawada, kuma abin da ya faru da hannunsa ya fi na kowa fitowa fili. An haife shi a 1933, iyayensa Ibo ne 'yan Nimo a jihar Anambra ta yanzu, amma a Kafanchan ya yi firamare, zamanin da jirgin ƙasa ya tara ƙabilu a garin. Wato ɗan Kudu ne da ya tashi a Arewa, kamar yadda namu yaran suke tashi a Kudu. Sai ya shiga kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, inda malamai Turawa ke koyar da zane irin na Ingila: a auna jiki, a sa inuwa, a fitar da abu kamar hoto. Shi da abokansa irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗalibai, suka ce za su karɓi dabarar Bature amma su haɗa ta da abin da suka gada.

Zanen tatsuniyoyin Ibo da ya yi a ƙarshen shekarun 1950 cunkushe suke, dodanni da aljanu, ƙananan layuka bisa layuka har takarda ta yi duhu. Sai ya koma ya nutsa cikin uli, wato adon da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kusan kamar zanen lallen matanmu. Mahaifiyarsa ta iya shi. Zuwa 1962 ka ga zanensa sai ka ce wani ne daban: layi ɗaya siriri zai lanƙwasa, ya naɗe, ya ba ka fuska, sauran takardar fara fes. Ya zubar da fiye da rabin abin da yake sawa a da, zanen kuma ya ƙara ƙarfi. Da wannan hannun ya je Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, ya shugabanci sashen zane, har aka samu zuriyar masu zane da ake ganewa da uli. Ya rasu a 2016.

Ni a ganina nan ne yawancin yaranmu suke tsayawa. Sun iya idon Japan, sun iya ƙirjin jaruman Amurka, amma ka ce su zana maka babbar riga yadda take faɗowa daga kafaɗa, ko naɗin rawani, ko tozon sa, sai hannu ya rikice. Ga Dagin Arewa, ga adon bangon gidajen Zariya da Kano, ga aikin hula, duk layuka ne da ba wanda zai ce na aro ne. Wale Adenuga da ya fito da mujallar Ikebe Super a Legas a 1976 bai je neman fuska a waje ba, mutanen kan titi ya zana, Papa Ajasco da sanƙonsa har ya kai talabijin.

Akwai kuma salon da ba na mutum ɗaya ba. Gumakan yumɓun nan na Nok, da masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, an yi su fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, a wurare masu nisa da juna, amma dubi idonsu: kusan duka mai kusurwa uku ne, da huda a tsakiya. Wannan hannun gado ne, ana miƙa shi daga maƙeri zuwa yaronsa. Kamfanonin katun na yau ma suna da irin wannan doka, sabon ma'aikaci dole ya zana jarumi yadda aka san shi. Shi ya sa sau da yawa ba ka ganin ainihin hannun mutum sai ya fara nasa labarin.

Kayan aiki su ma suna juya hannu. Wanda ya saba da biro a takarda, ran da ya koma zane a kwamfuta ko waya layinsa zai yi santsi, don yana iya gogewa sau ɗari ba asara, kuma launi ya zama kyauta. Kamfanin Comic Republic na Legas, da aka kafa a 2013, ta intanet ya fara fitar da jarumansa.

Sai kuma shekaru. Charles Schulz na Amurka ya zana Peanuts, mai karen nan Snoopy, daga 1950 zuwa 2000, shi kaɗai, bai yarda wani ya ja masa layi ba. Da girma ya kama shi hannunsa ya fara rawa, rawar kuma ta fito a takarda, kan Charlie Brown ya daina zama zagaye sumul. Bai ɗauki mataimaki ba, haka ya ci gaba da zanawa. Ya rasu a watan Fabrairun 2000, washegari jaridu suka fito da zanensa na ƙarshe.