Motar Kara da Gwangwani: Jarin da Ke Kwance a Ƙasar Katagum

Da zarar an kammala girbin dawa a ƙasar Katagum, yara a Azare da ƙauyukan da ke kewaye kan shiga wata sana'a da ba a koyarwa a makaranta. Sukan fere kara su haɗa shi da totuwa, su yanka gwangwanin madara, su fitar da tayoyi daga tsohon silifa, sai ga babbar mota har da bodi da sitiyari. Wasu kuma dawaki da shanu suke ginawa da yumɓu. Manya na kallon abin a matsayin wasan yara kawai, amma a wasu ƙasashe irin wannan aiki ya zama masana'anta.

A birnin Nuremberg na Jamus, tun shekarar 1950 ake gudanar da bikin baje kolin kayan wasa a kowace shekara, inda masu ƙera ƙananan motoci, jiragen ƙasa da mutum-mutumi ke haɗuwa da dillalai daga sassan duniya. A Ingila kuwa, a 1953 kamfanin Lesney ya fara sayar da motocin Matchbox, waɗanda saboda ƙanƙantarsu ake sa su cikin kwali irin na ashana. Kamfanin Mattel na Amurka ya fito da nasa, Hot Wheels, a 1968. Yawancin masu saye yara ne, amma akwai manya da ke tara su, suna haɗuwa a wuraren nuni domin musaya da ciniki.

Abin da ya bambanta waɗannan kaya da motar kara shi ne ma'auni. Akasarin irin waɗannan motoci ana yin su ne a kan kusan kashi 1 cikin 64 na girman motar gaske, wato kowane inci guda na samfur yana wakiltar inci 64. Wannan ne ke ba da damar a yi dubbai iri ɗaya, a tsayar da farashi, dillali kuma ya yi oda tun bai ga kaya ba. Yaron Azare da ido yake awo, don haka ba ya iya yin biyu su zo daidai.

Har ila yau, amfanin sana'ar bai tsaya ga kayan wasa ba. Masu zanen gine-gine na buƙatar ƙaramin samfur kafin a aza tubali, haka ma kamfanonin motoci kan siffanta sabuwar mota da yumɓu kafin a taɓa ƙarfe. A wannan fage ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya yi suna a kamfanin General Motors da zanen motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, kafin a naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa motoci ta ƙasa a 2017.

Abin da ake buƙata a Azare ba shi da yawa: abin awo, malamin da zai koyar da zane, da rumfa a bikin baje koli irin na Kaduna. Kayan aikin kuwa kusan kyauta ne. A halin yanzu, kuɗin da iyaye ke kashewa kan motocin roba lokacin Sallah, akasarinsu masana'antun ƙasar Sin suke tafiya. Ɗan kasuwar da ya tattara matasa masu wannan baiwa, ya sa musu ma'auni da kwali, zai iya riƙe wani kaso na wannan kuɗi a gida.