Cinikin Rufin Asiri A Layin 'Yan Gwanjo Na Gure

Hunturun Gure ba ya wasa, ga shi tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 dilar gwanjo sai ta yi dogon zagaye kafin ta iso. Duk da haka, mun ga abin da ya tsaya mana a rai a kasuwar. Wata tsohuwa ta jujjuya rigar sanyin yara, ta ajiye a hankali. Mai kayan ta ce, "Inna, kawo dala 20, ai maɓallinta ya cire." Mun duba, maɓallai suna nan lafiya lau. Ashe marayu tsohuwar take riƙo, kuma da kyauta aka ce, ba za ta karɓa a bainar jama'a ba.